Giyar Maƙwabci a Tukunyar Neman Aure

Noélie Chabord tana wanke gangar giya da tiyo, sanye da takalman roba har gwiwa, sai ta ga an tare mata hasken ƙofa. Ta ɗaga kai ta ga wani dogon saurayi yana ta murmushi kamar wanda aka aiko da albishir. Ba ta mayar masa ba. Mu nan gindin dutsen Granier ba ma yi wa mutum fara'a sai mun san ɗan gidan waye, balle a watan Fabrairu da sanyi ke cin yatsu.

"Sannu da aiki. Nan ne gidan Chabord?"

"An rubuta a bakin hanya, sai dai in ba ka iya karatu ba."

"Na iya kaɗan. Gaétan Mollaret sunana, ni na karɓi gidan abincin gwaggona na gefen coci. Farar giya nake nema, sabuwa, wadda zan riƙa ba baƙi."

Ta kashe famfo, ta tsiyayo masa daga tanki a kofin gilashi, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ya shinshina, ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki. Da ya yi shiru a nan, da an rabu lafiya.

"Ƙamshin yana nan, ba laifi," ya ce. "Amma tsamin ya gudu. Kun makara wajen yankan inabi, ko? Da kamar kwana goma."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya ƙona mata rai ke nan. Maganar nan ita ta yi wa babanta a kakar da ta wuce, har da kuka, ya ce ta je ta wanke ganguna. To amma daban ne 'yar gida ta faɗa, daban ne baƙon da ya zo jiya ya faɗa a tsakiyar ɗakin gangunan kakanta. Ta buɗe famfo, ta saita tiyon a kan takalmansa masu sheƙi.

"Yi haƙuri, mai tukunya. Hannuna ne ya kuɓuce."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dube ta, sai ya yi dariya. Dariyar ta ƙara ba ta haushi, don ta yi masa kyau.

"A ba ni kwali biyu," ya ce. "Da kifi za ta tafi."

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarta, ta lambar da ke jikin kwalin.

"Takalmana sun bushe. Na ɗaura wa giyarku aure da kifin tafki soyayye da man shanu, kuma sun daidaita. Ki zo ki shaida."

"Lambar nan ta masu saye ce, ba ta masu surutu ba."

"To a ƙaro kwali ɗaya. Amma ke za ki kawo, Ƙaya."

"Wace ce kuma Ƙaya?"

"Wadda ta soke ni jiya."

Ranar Alhamis ta kai kwalin da niyyar ta dire shi a bakin ƙofa ta juya. Ta tarar ya riga ya ajiye faranti da kofi a teburin kicin. Ta ce ba ta jin yunwa, sannan ta zauna. Ta ce gishirin ya yi yawa, man shanun ya kusa ƙonewa, kuma duk wanda ya koya masa yanka dankali ya cuce shi. Ta cinye kifin tas, ta suɗe farantin da burodi, yana tsaye da ƙyalle a kafaɗa yana kallonta.

Haka soyayyarsu ta tashi, da cacar baki. Ranar Litinin da yake rufe gidan abinci sai ya hauro gona ya taya ta aske rassan inabi a tsakanin manyan duwatsun da suka warwatsu a gangaren. Karon farko ya datse reshen da ake bari, ya bar wanda ake datsewa. Ta ƙwace almakashin ta wanke shi tas, har karnukan maƙwabta suka amsa. Da ta gama, ya kamo hannunta ya ga yadda sanyi ya farfasa mata fata, ya fito da ɗan gwangwanin mai daga aljihu ya shiga shafa mata yatsa bayan yatsa.

"Sakar min hannu."

"Saura biyu."

"Kai wai ba ka jin zafin magana ne?"

"Ina ji. Amma ranar da ban ji muryarki ba ta fi yi min zafi. Ina son ki, Noélie, kuma aurenki zan yi."

"Da wannan hannun da bai san reshe ba?" ta ce. Amma ba ta janye nata ba, kuma idonta ya cika da ƙwalla, don ita ma ta daɗe da kamuwa.

Matsalar tana gida. Fernand Chabord, babanta, mutum ne da in ya ce a'a, ko shi kansa ba ya iya sauya ta. Ba ya yanka inabi sai bayan ashirin ga Satumba, don haka mahaifinsa ya yi, kuma zafin da ke ƙaruwa kowace shekara bai isa ya gaya masa magana ba. Da labarin Gaétan ya iso masa wajen cin abinci, sai ya ajiye wuƙa.

"Mollaret? Mutanen can saman dutse, masu bin shanu? Jikin kakansa har ya mutu warin cuku yake."

"Baba, cukun nan kake ci yanzu."

"Ina cin kaza ma, ban ba ta 'yata ba. Gonar nan suruki take nema mai lanƙwasa baya, ba mai ɗaura ƙyalle a ƙugu yana tambayar mutane ko abinci ya yi daɗi ba."

Huguette, matarsa, ta ci gaba da yanka burodi. Shekara talatin da biyar tana zaune da shi, ta san lokacin da ake magana da lokacin da ake barinsa ya gaji.

Akwai kuma Cyprien Vuillermet, ɗan gonar da ke manne da tasu ta gabas. Tun suna makaranta yake bin Noélie, ita kuwa kallon arziki bai taɓa haɗa su ba. Ko da ta so shi ma ba hanya, domin Fernand da tsohon Vuillermet ba sa ga-maciji. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka wayi gari an sare wata bishiyar gyaɗar Turawa da ke kan iyakarsu, kowannensu ya ce ɗayan ne ya sare ta, kuma tun daga ranar ko a jana'iza suka haɗu sai ɗaya ya koma ɗaya gefen kabarin. Cyprien ya tare ta a hanyar gona wata safiya, yana kan tarakta.

"An ce kin sami mai dafa miki abinci. Shi zai yi goyon ma?"

"In ya yi, ya fi wanda har yanzu uwarsa ke zaɓa masa safa. Janye min ƙarfenka."

A ƙarshen Afrilu, da dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan dutse ba, Huguette ta shawo kan mijinta ya yarda su ci abincin rana na Lahadi a wurin Gaétan. Kowa ya san abin da cin abincin yake nufi. Gaétan ya ce narkakken cuku zai yi musu, da cukun garinsu da giyar Chabord, gida biyu a tukunya ɗaya. A wurinmu ƙa'idar a bayyane take, ko yaro ya san ta: giyar da aka narka cuku da ita, ita ake zubawa a kofi. Wanda ya zuba wata a tukunya ya ba ka wata ka sha, ya gaya maka abin da yake ɗauka game da taka ke nan.

Ranar Asabar ya gwada. Ya goga tafarnuwa a tukunya, ya zuba giyar Chabord, ya barbaɗa cuku yana juyawa. Maimakon ya narke ya zama abu ɗaya mai santsi, sai ya tsinke, mai ya taso sama, sauran ya dunƙule a ƙasa kamar danƙo. Ya sake, ya sake tsinkewa. Cuku sai da tsami yake haɗuwa, giyar kuwa ba ta da shi. Ya tsaya yana zufa, idonsa ya faɗa kan kantar da yake jera giyar sauran manoman ƙauyen. Kwalbar da ta fi kowace tsami a wurin ta Vuillermet ce. Na sha cewa tsoro ya fi giya bugar da mutum, kuma ranar ya bugar da Gaétan, don ko Noélie bai gaya wa ba.

Lahadi suka zo bayan coci. Fernand ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ya zauna yana duban rufin ɗaki kamar mai neman inda yake yoyo. Gaétan ya kawo tukunya tana tafasa a hankali, cukun ya yi santsi yana sheƙi, ya zuba wa kowa giyar Chabord mai sanyi. Noélie ta sakar masa murmushi ta ƙasan ido.

Fernand ya soki burodi da dogon cokali, ya juya a tukunya, ya kai baki. Ya tauna a hankali. Ya kurɓi giyarsa. Ya sake tsoma burodi, ya sake taunawa, sannan ya ajiye cokalin.

"Yaro, me ka zuba a nan?"

"Cuku iri uku, Baba, da tafarnuwa, da..."

"Ban haife ka ba. Giyar wa?"

Fernand ya miƙe, ya wuce kicin kai tsaye, aka ji ƙarar murfin kwandon shara. Ya dawo riƙe da kwalba ta wuya, ya dangwarar da ita a tsakiyar tebur, sunan Vuillermet yana kallon kowa.

"Ka kira ni, ka zaunar da ni a gaban matata da 'yata, ka ciyar da ni giyar ɓarawon bishiya, sannan ka ba ni tawa in kora da ita. Tashi, Huguette."

Bai tsaya nan ba. A dandalin coci ya ƙarasa faɗan da murya sama, ga mutane zaune a shagon kofi na tsallaken hanya, cikinsu har da Cyprien.

Noélie ce kaɗai ta rage, tana tsaye.

"Na gwada da giyarku sau biyu, cukun ya tsinke," in ji Gaétan. "Na ji tsoron in kunyata shi."

"Ka matsa lemun tsami mana."

"Da ya ji ɗanɗanon lemun."

"Zai ji lemu, amma ba zai ji Vuillermet ba? Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana shinshinar iskar gonarsu don ya sami abin zagi?"

"Ƙaya, saurare ni..."

"Kada ka sake kira na da sunan nan. Ba kwalbar ce ta fi ƙona min rai ba. Jiya mun yi waya sau uku, ba ka gaya min ba. Ka bar ni na zauna ina yi maka murmushi kamar sakarya."

Ta fita, ta bar masa ƙofar a buɗe.

Kafin Asabar ta zagayo, Cyprien ya gama raba labarin a kasuwa. Duk wanda ya tsaya a teburinsa sai ya zuba masa ɗanɗano ya ce, "Sha, ita ce wadda surukin Chabord ke girki da ita." Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba abin da muke so kamar abin dariya a kan maƙwabci. Fernand ya daina zuwa kasuwa. Ya ce duk ranar da ya ga motar mai girkin nan a hanyar gonarsa, da tarakta zai ture ta cikin rami. Cyprien har da ƙarfin halin aika wa Noélie saƙo.

"Tunda giyarmu ta shiga tukunyarku, saura ke ki shigo gidanmu."

"Ka aika wa uwarka ta gyara maka rubutun," ta mayar masa, ta toshe lambar.

Ta Gaétan kuwa ba ta toshe ba, ba ta kuma amsa ba. Kullum da safe saƙonsa na shigowa, tana karantawa a tsakanin layukan inabi, tana jan tsaki, tana sake karantawa.

"Na yi kuskure, kuma ba ni da wani bayani da ya wuce tsoro. Ina kewarki."

"Yau an kawo kifi mai kyau. Na dafa, na kasa ci."

"Ko zagi ne ki turo, in san kina lafiya."

Sati biyar tana shiru. Ta rame, ta daina faɗa da kowa, abin da ya tayar wa Huguette da hankali fiye da ramar. Ranar da inabi ya fara fure, ta zauna a kan wani dutse ta rubuta masa.

"Shekara uku ina gaya wa Baba muna makara, yana cewa yarinta ce. Kai ka san gaskiya tun kurɓar farko, ka gaya min a fuskata ba ka ji tsoro ba. Shi kuma ka ɓoye masa, ka bi ta bayan gida. In aurena kake so, ka zo ka faɗa masa a gaban idonsa. In ba za ka iya ba, ka daina turo min labarin kifi."

Litinin da rana, suna gama cin abinci, aka ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Gaétan ne, da tukunya a hannu ɗaya, ƙunshin cuku a ɗayan. A ƙasa ya bar motar ya hauro da ƙafa, don bai manta da zancen tarakta ba.

"Narkakken cuku a watan Yuni?" in ji Huguette. "Sai ka ce 'yan yawon buɗe ido. Shigo."

Fernand ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. "Fita min daga gida."

"Zan fita, ranka ya daɗe, amma sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na yi maka laifi, na yaudare ka a teburina, ina neman gafara. Dalilin kuwa shi ne giyarka ta bana ba ta haɗa cuku. Ba ta da tsami, don an bar inabin ya wuce lokaci. Noélie ta gaya maka gaskiya."

Wuyan Fernand ya yi ja har kunne.

"Kai za ka koya min giya? Hannunka ne bai iya ba. Tun kafin a haifi ubanka ake narka cuku da giyar gidan nan. Kawo tukunyar."

Shi da kansa ya goga tafarnuwa, ya buɗe kwalba, ya kunna wuta. Ya juya da cokalin katako yadda uwarsa ta koya masa, yana hura hanci. Kowa ya zuba ido. Cukun ya fara laushi, ya yi kamar zai haɗu, sannan ya tsinke, mai ya taso ya kwanta a sama.

"Cukunka ne marar kyau."

Huguette ta buɗe firij ta fito da nasu na gida, ta ajiye masa a gabansa. Ya wanke tukunya ya sake, wannan karon a kan ƙaramar wuta, yana juyawa har hannunsa ya gaji. Ya sake tsinkewa. Ya daɗe yana kallon cikin tukunyar, cokalin na ɗiga a kan murhu. Noélie ta ji tausayinsa ya kama ta har ta so ta rungume shi, amma ta san in ta taɓa shi a lokacin ba zai yafe mata ba.

"Ka gama?" ya ce da Gaétan, bai juyo ba. "To kwashi kayanka ka fita."

Ya fita. Noélie ta raka shi har bakin gona, karon farko da suka tsaya kusa da juna tun Afrilu.

"Na ƙara ɓata lamarin, ko?"

"Ka ɓata," ta ce, ta gyara masa wuyan riga. "Amma ka zo. Je ka, mai tukunya, zan kira ka."

Wata biyu Fernand bai ambaci maganar ba, bai kuma ambaci Gaétan ba. In Noélie ta shirya za ta sauka ƙauye sai ya ƙirƙiro mata aiki, in ta tafi duk da haka sai ya ƙi yi mata magana kwana biyu. Zafi ya yi tsanani a Agusta, inabi ya yi ta zaƙi da sauri. Kullum da sassafe tana bin layuka tana tsinkar 'ya'ya tana taunawa, tana auna ruwansu, ba ta ce masa komai. Ta riga ta yanke a ranta cewa in an sake kaiwa ashirin ga Satumba, za ta yi auren ko ba da yardarsa ba, kuma tunanin hakan yana hana ta cin abinci.

Saura kwana biyar Agusta ya ƙare ta sami babanta a can ƙarshen gona, tsaye a layin da ya fi shan rana. Ya tsinki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya tofar da ƙwallon a tafin hannu yana dubawa.

"Yaushe?" ya ce.

"Me, Baba?"

"Kin ji ni. Ke da kika fi kowa sani. Yaushe za a yanka?"

"Huɗu ga wata. Mu fara da nan, mu gama da gindin dutse."

"Huɗu," ya maimaita, kamar kalmar na da ɗaci. Ya juya ya fara tafiya, sannan ya tsaya. "Ki gaya wa mai girkin nan ya rufe shagonsa sati guda. In ga ko yana da baya."

Gaétan ya zo. Fernand ya ba shi layi mafi gangara da kwando mafi girma, ya tsaya a kansa kamar mai gadin fursuna. Ranar farko ya yanke yatsa, Fernand ya ce kada ya zubar masa da jini a inabi. Rana ta uku bayansa ya ƙage, sai da Noélie ta ɗaure masa takalmi, tana yi masa dariya yana nishi. Cyprien ya leƙo ta kan iyaka ya ce ashe an fara ɗaukar masu wanke-wanke aikin gona. Kafin Noélie ta buɗe baki Fernand ya riga ta.

"Ka koma ka gaya wa ubanka, mai wanke-wanken nan ya cika kwando goma sha huɗu kafin kai ka gama karin kumallo. Kuma ka ɗauke inuwarka daga kan inabina."

Ranar ƙarshe aka shimfiɗa dogon tebur a ƙofar ɗakin ganguna, kamar yadda ake yi wa masu yanka. Gaétan ya wanke hannu, ya je ya tsaya a gaban Fernand, ya nemi auren Noélie a gaban kowa. Tsohon ya ci gaba da yanka cuku.

"Ba yanzu ba. Sai giyar nan ta shiga kwalba. Ba na haɗa biki da aiki."

"Wannan 'e' ce," Huguette ta fassara wa jama'a. "Haka ya yi min lokacin namu auren."

A watan Mayu aka ɗaura, da safe a ofishin magajin gari, sannan a coci. Aka jera tebura a gona, ganyen inabi ya fito kore shar, dutse na tsaye a bayanmu. Ango ya so ya shiga kicin, amarya ta ce in ya taɓa tukunya ranar aurenta da tiyo za ta raka shi. Aka kawo kifin tafki da dankali da cukun mutanen sama, waɗanda suka sauko mota uku suna ta hayaniya. Aka buɗe sabuwar giya, wadda aka yanka huɗu ga Satumba.

Ba wanda ya taɓa kofinsa, kowa na jiran Fernand. Tun da aka matse inabin ya bar wa Noélie ɗakin ganguna, ya ƙi ɗanɗanawa ko sau ɗaya. Ya miƙe, ya ɗaga kofin ya dube shi a rana, ya shinshina, ya kurɓa. Noélie ta damƙe hannun mijinta a ƙarƙashin tebur har sai da ya ji zafi.

Ya dubi 'yarsa, idonsa ya kaɗa.

"Ta fi tawa," ya ce.

Noélie ta kifa fuska a kafaɗar Gaétan tana kuka. Tsohon ya share maƙogwaro, ya juya wajen ango.

"Kai kuma, ɗana, ga ta nan. Bakinta ya fi nawa kaifi, kuma ba a dawo min da ita. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su gaya muku gaskiya tun kuna da sauran ƙarfin jinta."

Muka ce amin, muka sha.